Layin da Ba a Ja Ba

"Riƙe biron, Malam. Hannuna ya ƙi."

Malam Issaka ya karɓa, ya gyara zama a bakin gadon jinyar maƙwabcinsa, Dakta Elnathan. Shekara goma sha ɗaya ƙofofinsu na duban juna a wani bene bayan titin Gate City Boulevard a Amurka: shi limami, Dakta kuwa dattijon coci, mutumin Kagoro, wanda ya tsufa yana nazarin ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe.

A bango an manna doguwar takarda mai ɗauke da nasabar dabbobi masu kofato. Kowace da layin da ya sada ta da danginta, in ban da guda: Astrapotherium, mai haure, wadda ta rayu a Kudancin Amurka tun ɗan Adam bai taka ƙasa ba. Shekara ashirin Dakta yana neman inda zai jingina ta, kuma ba ya so ya tafi bai kammala ba.

"Wajen giwa zan ja?"

"Kai ma hauren ya ruɗe ka? Ai gadu ma yana da shi."

"To wajen doki?"

Dakta ya lumshe ido. "Je ka yi la'asar ɗinka. In ka dawo zan faɗa maka."

Da Malam ya dawo, ya iske nas tana naɗe robar numfashi, Zipporah, 'yar Dakta, tana zaune a ƙasa da kayan aikinta a jiki. Ya daɗe a tsaye, leɓunansa na motsi.

Bayan an binne Dakta da mako guda, Zipporah tana kwashe kayansa, Malam na taya ta. Wani ɗalibin mahaifinta yana jiran takardar.

"Baba, ku ja layin kawai. Sau nawa na ji Daddy yana cewa doki."

"Wataƙila doki yake cewa. Mu a wurinmu, 'yata, abin da ba ka ji daga bakin malami ba, ba ka cewa ya faɗa. Nasabar da ta yanke, a yanke ake rubuta ta."

"Shekara ashirin fa, Baba. A aika haka?"

"Haka ya bar ta."

Ta dube shi da idanu masu nauyi, ba ta ƙara musu ba. Ya nemi izininta, ya rubuta da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan dabbar: Allah ne mafi sani.

Suka sauke takardar, suka naɗe ta a hankali, ita riƙe da wannan gefe, shi da wancan. Ba su sami abin ɗauri ba, sai ta zare igiyar takalmin Dakta na zuwa coci.