Wanda Na Sani da Wanda Ban Sani Ba

Ungulaye uku ne a kan kukar ƙofar gari ranar da Mati ya dawo, alhali ko kaza ba a yanka ba. Ya dube su, ya shafa ɗan gicciyen katakon da ke ɓoye a cikin rigarsa, ya shiga.

Shekara goma sha tara rabonsa da wannan ƙauye na kusa da Dayi, tun harin da mahayan Maraɗi suka kawo suka kwashe rabin garin. An yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har Lokoja, inda waɗansu fararen limaman Katolika suka fanshe shi, suka yi masa baftisma. Mutanen gari sun daɗe da yi masa sadakar arba'in. Abin da ba su sani ba shi ne abin da ya faru a gonar dawa ran harin.

Mahaya sun ritsa shi, suka ɗora masa mashi a maƙogwaro, suka ce ya nuna inda mata suka ɓuya su sake shi. Ya ɗaga yatsa ya nuna kogon dutsen bayan rafi. A ciki akwai Hajo, matar yayansa Shitu, da 'ya'yanta mata biyu. Sakinsa kuwa, ina! Igiya ɗaya aka ɗaura musu shi da Hajo, kwana shida suna tafe, baiwar Allah tana rage masa ruwanta saboda ƙanen miji ne. Daga su ukun babu wadda aka sake jin ɗuriyarta.

A Lokoja ya durƙusa gaban Fada, ɗaya daga cikin limaman nan, ya furta wannan duka. Fada ya ce Allah ya gafarta masa, kuma Mati ya gaskata. Amma Fadan nan ya koya masa abin da ya hana shi sakat: zunubi kamar ƙaya yake a tafin ƙafa, sai ka nuna wurin ake cire shi. Ya nuna wa Allah. Shitu fa?

Ya tarar da zauren gidansu cike da mutane, kowa ya yi jugum. Ɗanasabe maƙwabcinsu, wanda yanzu ya yi furfura, shi ya gane shi ta zanen fuska, ya yi salati har sau uku.

"Allah ne ya kawo ka, Mati. Yayanka yau ko gobe. Ana ta shiga ana yafe wa juna, zo mu je."

Ɗakin yana warin jiƙo da ciwo. Shitu, ƙaton manomin da yake noma kunya biyu kafin wani ya gama ɗaya, ya koma ƙashi da fata a kan tabarma. Ya laluba fuskar ƙanensa da hannu yana hawaye.

"Ni kaɗai aka bari, Mati. Ashe da sauran nawa a duniya." Ya ja numfashi, ya faɗi abin da ya faɗa wa duk wanda ya shigo tun safe: "Na yafe maka duniya da lahira, wanda na sani da wanda ban sani ba."

To, ga ta nan, an miƙo masa ita kyauta. Haka ake yi a garin tun kaka da kakanni, a yafe a dunƙule, ba a tone-tone a kan mai barin duniya. Amin kawai zai ce ya tashi. Ni ma da nake ba da labarin nan, wallahi da amin zan ce. Amma Mati ya ji tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a ƙarƙashin mashi. Wannan yafiyar ta wani Mati ce, wanda bai taɓa ɗaga yatsa ba.

"Yaya, akwai wanda ba ka sani ba."

"Kai, bari!" in ji Ɗanasabe, ya damƙe masa kafaɗa. "Ba a yin haka."

"Ni na nuna musu kogon. Ni na nuna Hajo da yaran, don su bar ni da raina."

Hannun Shitu ya zame daga fuskarsa. Ɗanasabe ya ja da baya ya tsaya a ƙofa, kuma mutanen zaure duk sun ji, don bangon bai da kauri.

Mati ya sunkuyar da kai yana jira, bakinsa na motsi da addu'ar da aka koya masa a Lokoja. Shitu ya ɗaga ido ya dubi rufin ɗaki. Da ya yi magana, muryarsa ba fushi a cikinta, gajiya ce kawai.

"Abin da na faɗa na faɗa, Allah ya ji, ba ni da ikon janyewa." Ya juya da ƙyar ya fuskanci bango. "Amma da ka bari na mutu ina da ƙane."