Jinin Magadaliya

Hasiya ta ɗago kai daga madubin bincike, ranta a ɓace. Ƙwayoyin sun mutu. Daga jinin Magadaliya ta tace su, wata mai gasa masara a Tudun Wada, wadda garkuwar jikinta ta juya tana cin gaɓoɓinta. Ƙwayoyi ne masu raba faɗa, su ke hana sojojin jiki afka wa jikin da suke tsaro, kuma digirin Hasiya gaba ɗaya a kansu ya rataya.

Dakta Rwang, mai duba aikinta, ya leƙa madubin ya ja tsaki.

"Me kika zuba musu?"

"Sinadarin da ke tada su, oga. Sinadaran biyu ne, amma na biyun na ajiye shi, tunda shi ke zuga sojoji."

"Shi ke zuga sojoji, shi ke kuma riƙe masu rabon faɗan. Kira ɗaya ba ya isar su. In ba su ji na biyu ba, sai su saki aiki su mutu. Sai ki nemo wani jinin."

Ko mayafi Hasiya ba ta gyara ba ta tare keke mai ƙafa uku a Titin Bauchi. Ta rantse yau ba za ta koma ba sai da jinin.

Ta tarar da Magadaliya gaban garwashi, tana juya masara da yatsun da suka kumbura suka kanannaɗe.

"Sannu da aiki, Mama."

"A'a, 'yar allura! Ashe kina gari? Tun ranar da kika ɗebi jinina ko a waya ban ji ki ba. Na ce ko kin sayar ne."

Kunya ta kama Hasiya, don gaskiya ce. Amma ta daure ta faɗi abin da ya faru, ba ta ɓoye komai ba.

"Wato sun mutu don ba a sake kiransu ba," in ji Magadaliya. Ta tura mata benci da ƙafa. "Zauna."

Hasiya ta zauna, ta kai hannu ta fara buɗe jakar allura.

"Rufe. Yau gaisuwa kika zo. Jini sai Talata."

Hasiya ta ja zif ɗin, ta karɓi mafici daga hannun Magadaliya, ta shiga fifita garwashin.