Wasiƙun Gidan Ben Dhaou

Hedi Ben Dhaou ya sauka daga motar haya a tashar Sfax, da wani ambulan na takardu matse a hammatarsa. Tun daga Gabes bai ajiye shi ba, har matar da ke kusa da shi ta tambaye shi cikin zolaya ko takardar gadon duniya ce ya ɗauko. Murmushi kawai ya yi mata. Ya tari tasi zuwa asibiti, inda abokinsa Saad yake kwance kwana tara bayan hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki.

Tare suka taso a unguwa ɗaya, tare suka sha dukan malamin lissafi. Bambancin yana cikin suna: shi Ben Dhaou ne, Saad kuwa Atig Ben Dhaou, wato 'yantaccen bawan gidan Ben Dhaou. Haka aka rubuta wa kakanninsa, haka yake a katin shaidar jikokinsa.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da mahaifinsa ya rasu, Hedi ya sami wasiƙu shida a ƙasan akwatin tsohon. Tsakanin kakan kakansa Bechir ne da wansa da ke zaune a Tunis, a shekarar da aka haramta bauta. Wan ya rubuto cewa doka ta fito, ya kai bayinsa wajen alƙali a rubuta musu takardar 'yanci, kada ya ɗauki alhaki. Bechir ya amsa cewa zai jira sai an gama tsinkar dabino, don babu wanda ya gaya musu tukuna. A wasiƙa ta huɗu ya yi maganar wata baiwa, Mbarka, wadda aka ƙetaro da ita sahara ta hanyar Ghadames tana yarinya, da ɗanta ɗan shekara uku. Ya rubuta cewa yaron nasa ne, Allah ya sani, amma ba zai iya faɗa ba saboda surukansa.

Wannan yaron shi ne kakan kakan Saad.

Sau uku Saad ya tambaye shi ko akwai wata takarda a gidansu da ta ambaci mutanensa. Sau uku Hedi ya ce danshi ya cinye komai. Tambaya ta ƙarshe ta zo ne wata biyu bayan ɗan Saad ya nemi auren 'yar Hedi, aka ce masa yarinyar karatu take so. Saad bai taɓa tayar da zancen auren ba. Ya ci gaba da zuwa shan shayi ranar Juma'a, yana tsokanar Hedi da cewa furfura ta riga hankali zuwa kansa.

A ɗakin marasa lafiya ya tarar da Warda, babbar 'yar Saad, tana ba mahaifinta ruwa da cokali. Ta gaishe shi, ta ja masa kujera, ta ce likita ya ce yana ji, magana ce dai ta ƙi. Saad ya rame, bakinsa ya karkace. Idonsa ya tsaya a kan Hedi bai motsa ba.

Hedi ya yi niyyar fara da tambayar jiki da labarin unguwa, sai ya ga idan ya fara da su ba zai kai ga abin da ya kawo shi ba. Ya buɗe ambulan, ya ce ƙarya ya yi, takardun suna nan. Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, yana tuntuɓe a tsohon rubutun. Da ya zo kan ta huɗu sai ya tsaya, ya sake komawa farkon layin.

Majinyacin da ke gadon kusa ya rage ƙarar rediyonsa.

"Kawu Hedi," in ji Warda, "ai mun sani."

Ya ɗago kai.

Ta ce kakar mahaifinta ta sha faɗa musu tun suna yara, har sunan Mbarka sun sani, har waƙar da take yi in tana niƙa, wadda babu mai gane kalmominta yanzu. Abin da ba su da shi kawai takarda ce.

"To me ya sa bai taɓa ce mini ba?"

"Cewa ya yi ba nasa ba ne ya faɗa. Duk Juma'a in ya dawo daga wajenka, Inna sai ta ce, yau fa? Shi kuma ya ce, shayin dai ya yi daɗi."

Hedi ya dubi abokinsa. Ya so ya ga fushi a fuskar, ko yafiya, ko wani abu da zai riƙe ya koma gida da shi, amma ciwon ya kwashe duk wannan. Ya kama hannun da ke da sauran rai, ya ce Saad ya yafe masa. Yatsun suka ɗan motsa. Bai san ko amsa ce ko ciwon ne ba, kuma ya gane ba zai taɓa sani ba.

Ya miƙa wa Warda ambulan ɗin, ya ce nasu ne. Ta karɓa, ta daɗe tana duban sunan Mbarka a rubuce kafin ta mayar da takardar cikin ambulan ɗin. Sannan ta gaya masa sun shigar da ƙara a kotun Gabes don a cire musu kalmar Atig daga suna. Lauyan ya ce tsofaffin takardu za su taimaka, amma sai wani daga cikin gidan ya tsaya gaban alƙali ya shaida daga akwatinsu suka fito. Ranar Alhamis za a zauna.

Hedi ya tuna ƙannensa biyu da matansu, da majalisar bakin masallaci, da 'yarsa wadda yanzu take aure a Monastir ba ta cika kiransa ba. Kafin la'asar ta Alhamis duk za su ji.

"Ƙarfe nawa?" ya tambaya.

"Tara," ta ce, ba tare da ta dube shi ba. Ta ɗauki tawul ta share wa mahaifinta gefen baki.