Na'urar da Ba Ta da Sukuru

Shekara goma sha tara Likita yana gyaran na'urorin gem, na wasan bidiyo, a kusurwar shagon ƙanensa. Bai taɓa karatun asibiti ba. Masu kawo gyara ne suka laƙaba masa sunan, don yakan kara kunne a jikin na'ura ya saurari kukan fankarta kafin ya taɓa ta. Teburinsa na hannun hagu in an shigo: fitila mai lanƙwasa, ƙarfen narka dalma, buroshin share ƙura, da wani faranti mai maganaɗisu da yake jera sukurori a kai, kowanne daidai inda ya fito, don kada ya mayar da dogo a ramin gajere.

Sauran shagon talabijin ne huɗu da kujeru, inda mutane ke zuwa su buga wasa. Tun farkon shekara ƙanen ke kewaye-kewaye da magana, wai gyara ya ja baya, wai kusurwar nan za ta ɗauki kushin biyu da babban allo. Da Likita ya gaji da jin zancen, sai ya ce a jira baje kolin kamfanonin wasa da ake nunawa kai tsaye kowace shekara. In sabuwar na'urar da za a fitar mai buɗuwa ce, tebur na nan daram. In ba haka ba, shi da hannunsa zai ɗauke shi. Ya faɗi haka ne hankali kwance, domin tunda yake bai taɓa ganin na'urar da ba ta da sukuru a bayanta ba.

Kowa ya san yadda yake kallon baje kolin nan. Wasannin ba su dame shi ba. Jira yake a juyo bayan sabuwar na'ura, sai ya karɓi rimot ya tsayar da hoton, ya ƙirga sukurorin da yatsa, ya sanar da adadinsu kamar mai karanta labarai. A yi dariya, a ci gaba da kallo.

Ranar da abin ya zo, tun ƙarfe huɗu na yamma shagon ya cika. Mai aski ya rufe shagonsa a ranar da ya fi samun kawuna. Direban tasi ya ajiye motarsa a bakin titi, fasinjoji na ɗaga masa hannu yana kau da kai. Magidanta ne duk, wasu da furfura a gemu, waɗanda in an kira su taron iyayen yara a makaranta sai su ce ba su da lokaci.

"Likita, ka zo da tabarau dai ko?" in ji mai aski. "Yau za a kawo maka sabon majinyaci."

Likita ya ci gaba da goge bakin sukudirebarsa.

Aka nuna wasan ƙwallo, har gumi ana gani a goshin 'yan wasan. Direba ya ce wannan ai na bara ne aka canza wa riga, mai aski ya ce to kada ya saya mana, direba ya ce wa ya ce ba zai saya ba. Aka nuna na motoci, aka nuna na harbe-harbe, ana musu ana shewa. Sannan fitilun dandalin suka ragu, wani mutum mai baƙar riga ya fito riƙe da wani farin abu sumul, kamar sandar sabulu. Ya ce ba ta da wurin saka faifai, duk wasa ta intanet zai riƙa zuwa. Sai ya juyo bayanta.

"Tsayar," in ji Likita.

Ƙanen ya miƙa masa rimot. Ya sa tabarau, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allon. Ya ɗaga yatsa, yatsan ya rasa inda zai sauka. Ya mayar da hoton baya ya sake dubawa. Ya ce wa kansa wataƙila a ƙarƙashin robar ƙafafunta suka ɓoye su, sun saba yin haka. Ya saki hoton. Mai baƙar riga ya kifa ta, ba ta da ƙafa ko ɗaya. Yana murmushi ya yi bayani cewa jikinta zubi ɗaya ne, wanda duk ya fasa ta za ta kulle kanta har abada, in kuwa ta sami matsala sai a mayar wa kamfani.

Mutanen dandalin suka tafa, na shagon ma suka taya su. An gaya musu ƙiri-ƙiri cewa abin da za su saya ba za su mallake shi ba, ko cikinsa ba su da ikon leƙawa, suka tafa.

"Nawa ne bana, Likita?" in ji mai aski, bakinsa ɗauke da dariyar da ya tanada.

"Babu."

Dariyar ba ta fito ba. Ƙanen ya sunkuyar da kai, ya matso kusa, ya ce a hankali, "Yaya, ba sai yanzu ba. Tsofaffin ai za su ci gaba da lalacewa."

Likita ya dubi kantar da ke saman teburinsa. Na'ura biyu ce kawai ke jiran gyara, ɗaya ta mai aski ce. Ya ce wa mai aski fankar tasa ta iso, gobe da safe ya zo ya ɗauka. Mai aski ya sosa ƙeya, ya ce ya bar ta kawai, ya ciri abin da zai yi masa amfani a ciki, shi sabuwar yake jira. Direba, mai ta biyun, idonsa na kan allo ya ce shi ma haka.

Washegari Likita ya riga kowa zuwa. Ya buɗe na'urar mai aski, ya share ƙurarta, ya sa mata sabuwar fanka, ya mayar da sukurori bakwai ɗaya bayan ɗaya. Ya kunna ta ya kara kunne. Numfashinta lafiya lau, kamar na jariri mai barci. Ya kashe, ya naɗe wayar, ya mayar da ita kan kantar, inda ba mai zuwa ɗauka.

Ƙanen ya shigo, kafinta na biye da shi da tef ɗin awo. Ya fara cewa ai akwai kujera a bayan kanta, Yaya zai iya zama yana kunna wa mutane wasa.

"Kama can," in ji Likita.

Suka ɗaga teburin, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa, suka fitar da shi ta ƙofar baya. Kafinta ya durƙusa ya ja tef ɗinsa a kan tabo huɗu da ƙafafun teburin suka bari a ƙasa. Likita ya dawo ya ɗauki farantin maganaɗisun daga bakin taga. Ya juya shi a hannu, ba ko sukuru ɗaya a kai, ya sa a aljihu ya fita.