Ranar da Barau Ya Kaɗa wa Iri

"Ɗaure ni da kyau, Sanda. In na faɗo, Mero ba za ta yafe maka ba."

Na zagaya rawanina a ƙugun Barau, na ɗaure shi a kan jaki. Mero matarsa tana bakin zaure rungume da gangarsa, ta ƙi miƙowa.

"Maigida, kai da ko kunu ba ya zama a cikinka, kai ne za ka je Gwaram?"

"Hadari ya fara haɗuwa, Mero. Me za su shuka?"

Ta miƙo.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Barau. Shekara arba'in yana kaɗa gangar noma a gayya, daga garinmu Surko har Basirka. A shekarar nan fara ta cinye mana gonaki, yunwa ta sa muka daka har irin shuka. Shi kuwa tun rani tari ya kwantar da shi.

Mu shida muka raka shi da kwari da baka, saboda mahara a hanya. Washegari da hantsi muka shiga Gwaram, kasuwa ta cika. Muka jingina shi da gindin tsamiya, muka shimfiɗa tabarmi uku a gabansa.

Muryarsa ba ta fita, sai ni na yi shela. "Barau ya ce yau ba ya son riga, ba ya son kuɗin wuri. Mai ƙaunarsa ya zuba wa mutanen Surko iri."

Ya ɗora hannu a kan fata. Kowane babban manomi a ƙasar nan yana da takensa, kiɗan da ake zuga shi da shi a kan kunyar gona, kuma Barau bai manta ko ɗaya ba. Ya fara da na Hambali, wani ƙaton manomin Basirka da ke cinikin akuya. Hambali ya saki igiyar, ya ratso mutane yana kirari, ya juye taikin gero a tabarma.

"Baba, na mahaifina fa?" in ji wani.

Barau ya kaɗa na mamacin. Mutumin ya tsaya yana hawaye, sannan ya aika gida a ɗauko damin gero biyu. Makaɗan Gwaram suka ɗauko gangunansu suka zauna bayansa, duk sanda hannunsa ya gaza sai su riƙe masa kiɗan. Mata suna guɗa, suna zuba wake da maiwa ƙwarya-ƙwarya. Kafin la'asar mun ƙaro tabarmi sau biyu.

Da jaki ɗaya muka je, da goma sha huɗu na aro muka dawo. Ba gidan da bai samu ba.

Kwana tara bayan nan ruwan shuka ya sauka. Da safe na leƙa gidan Barau, na tarar Mero ta tallafe kansa.

"Ya jiƙa ƙasa?" ya tambaye ni.

"Har tsawon hannu, Baba."

"To me kake yi a nan?"

Ya yi dariya, ya yi kalmar shahada. Kafin azahar ya cika.

Daga maƙabarta ba wanda ya koma gida. Gonarsa muka fara. Maza suka jeru da sungumi suna sara, Mero tana biye da ƙwarya a hannu, tana jefa iri a rami tana rufewa da diddige.