Filin Shanyar Malam Isyaku

Malam Isyaku mai wankin hula bai taɓa ɗaukar kansa mai ba 'yan siyasa shawara ba. Mita ce dai ta yi masa yawa, kuma ita ta ja masa.

A unguwarsu, can cikin Gwale, gidaje sun haɗe kai har rana ba ta iya sauka lungu, sai dai ta leƙa ta wuce. Wuri ɗaya take samu ta miƙe ƙafa, wato tsohon kududdufin da shara da ɓaraguzai suka cike tun shekarun baya har ya zama fili. Da hantsi Malam Isyaku yake kifa hulunan mutane a kan gungumen katako, zanna da damanga da ƙube, su sha rana sitaci ya kama. Bayan la'asar samari su shigo da ƙwallo. In an yi rasuwa a nan ake sallar gawa, in biki ne a nan ake kafa rumfa. Hular da ba ta sha rana ba tsami take yi, kuma mai ita ba ya sake kawo wata. Da ranar filin nan ake ɗora tukunya a gidansa.

Da zaɓen kansiloli ya matso, Nazeer ne ya fara zuwa. Ɗan takara ne, ɗan wani abokinsa, yana da shagon waya, kuma kowa ya san bakinsa ya fi hannunsa sauri. Ya iso daidai lokacin da ƙwallo ta doki wata farar hula ta faɗa kwata.

"Baba, me unguwar nan ta fi buƙata?" in ji Nazeer, yana durƙushe.

"Ka ga abin da take buƙata," Malam Isyaku ya ɗaga hular tana ɗiga. "Ku nema wa yaran nan wurin ƙwallo, a zagaye shi da katanga, a sa waya a sama. Su huta, mu huta."

Kwanaki kaɗan sai ga ɗaya ɗan takarar, Abdulmalik, malamin firamare, mutum mai sanyin magana wanda ya taɓa cewa zai gyara rijiyar masallaci kuma ya gyara. Shi kuma ya tarar an kafa rumfar biki a kan wurin shanya ba tare da ko sallama ba.

"Unguwa guda ba ɗakin taro," Malam Isyaku ya ce masa. "Biki a waje, walima a waje, in ruwa ya sauko mata su kwashi tabarmi da gudu. A gina zaure babba mana, har yara su samu wurin karatu."

Bai gaya wa ɗayansu inda za a yi ba, domin shi kansa bai yi tunanin wurin ba. A ransa wani wuri ne can, ba nan ba.

Yana cikin bugun hula ranar wata Asabar ya ji motar lasifikar Nazeer ta tsaya a bakin titi. Filin wasa na zamani, da ciyawar roba da fitilu, a filin kududdufi, bisa shawarar dattijonmu Baba Isyaku. Bai gama haɗiye wannan ba, da yamma motar Abdulmalik ta zo. Ɗakin taro da karatu, a filin kududdufi, bisa shawarar dattijonmu Baba Isyaku.

Ya ajiye mabugi, ya bi unguwar da tunani lungu lungu, yana neman wani filin da zai nuna musu. Babu. Ya san babu tun kafin ya fara neman.

Gari ya waye ya zama babban mutum. Samarin da ke guje masa suka koma gaishe shi da "Baba Koci". Mata suka riƙa aiko da godiya ta hannun matarsa 'Yardada. Shi kuwa sai ya amsa da murmushin yaƙe.

Ya sami Nazeer a shago. "Ɗan nan, in an zagaye filin, hulunan fa?"

"Haba Baba, ai kai ne mai makulli. Kai ne shugaban fili."

"Hulunan nake tambaya."

"Za a duba, Baba. Wannan ai ƙaramin abu ne." Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga hannu yana ba da haƙuri, maganar ta mutu a nan.

Abdulmalik kuwa har filin ya rako shi, ya nuna masa inda harsashi zai bi. "Na yi tunaninka, Baba. Za a fitar da shago ɗaya a jikin ginin, naka ne."

"Rana fa, Malam?"

Abdulmalik ya dubi ƙasa. "Rana kam babu. Ba zan yi maka ƙarya ba, ginin zai cinye filin. In kana so a fasa, ka faɗa wa jama'a da bakinka, ni zan bi."

To da wane bakin? Shi da kansa ya ga matan unguwa suna tsiyaya da ruwa ranar biki. Zauren alheri ne, bai yi kuskure ba da ya faɗa. Filin wasan ma alheri ne. Ya rasa yadda maganganu biyu na gaskiya suka haɗu suka zama wuƙa a wuyansa.

'Yardada ta gama sauraronsa tana tsince shinkafa. "Malam, kai ka fiye wahalar da kanka. Ka zaɓi wanda ba zai yi ba."

"Kamar yaya?"

"Nazeer mana. Yaron da in an aike shi sayen gishiri sai miya ta huce. Shi zai gina fili? Wancan kuwa ko bashi zai ci sai ya ɗora bulo."

"Ke, zaɓe shaida ce. In je in shaidi mutum saboda aibinsa?"

"To ka shaidi mai kirkin, mu ci kirkin da daddare."

Ya tashi ya fita. Shekara da shekaru yana zagin masu alkawari su saɓa, yana cewa su suka kashe ƙasa. Yau ga shi yana auna mutum biyu, yana neman wanda ya fi iya saɓawa. Ya ce wa kansa ai filin ba nasa kaɗai ba ne, gawa ma tana buƙatarsa. Sai wata zuciyar ta tambaye shi ko gawar ce ta hana shi cin abinci, ko hula. Ya so ya kai wa liman tambayar, amma ya kasa tsara ta yadda ba za ta nuna shi ba.

Da ƙuri'arsa ɗaya ce, da da sauƙi. Amma yanzu duk wanda ya zo karɓar hula sai ya rage murya ya ce, "Baba, tunda duk naka ne, wa za mu yi?"

Da farko yakan ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Da aka matsa masa, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Nazeer yaro ne mai kuzari." Ba ƙarya ya yi ba, kuzari kam akwai. Maganar ta shiga gida gida, kuma ranar zaɓe shi ma can ya dangwala.

Nazeer ya ci. Washegari Abdulmalik ya zo ya gaishe shi kamar kullum, ya miƙo hularsa a wanke. Malam Isyaku ya wanke ta har sau biyu, ya kasa haɗa ido da shi ranar da ya zo karɓa.

Ba a rufa mako ba sai ga tifa ta kutso da baya, ta juye yashi a tsakiyar fili. Nazeer ya hau kan tulin da shebur aka ɗauke shi hoto, ya jawo Malam Isyaku gefensa aka sake ɗauka. 'Yardada ta leƙo daga soro, ta ga tulin yashin, ta koma ciki.

Daga nan shiru. Damina ta daki yashin ya daskare, awaki suka mayar da shi wurin hutu. Malam Isyaku ya matsar da gungumensa gefen gabas, inda sauran rana take, ya ci gaba da shanya. Samari kuwa sun rasa wurin ƙwallo gaba ɗaya, sai su zauna a gindin katanga suna kallon tulin. Kullum sai wani ya ce, "Baba Koci, ka yi masa magana mana, ai naka yake ji." Shi kuma ya ce zai yi.

Wata rana bayan sallar azahar liman ya ɗaga hannu, ya roƙa wa marasa lafiya, ya roƙa wa mamata, sannan ya ce, "Allah ka ba kansilanmu ikon cika alkawarin da ya ɗaukar wa yaran nan."

Masallaci ya ɗauka da amin. Samarin da ke sahunsa suka juyo suna dubansa, su ji tasa, tunda shi ne uban tafiyar. Hannayensa na sama, leɓensa ya motsa. Ko shi bai san abin da ya fito ba. Ya shafa, ya nemi takalminsa, ya fita da sauri ya janye hulunan, domin inuwar yashin ta fara hawa kansu.