Hoton Bijimin Bappa

A duk faɗin Gaya mutum ɗaya ne ya rage mai cusa kansa cikin baƙin ƙyalle kafin ya ɗauki hoto, shi ne Malam Badaru. Kyamararsa tana da wuya kamar zugazugin maƙera, tana tsaye bisa ƙafa uku, a bayanta kuma ana maƙala wani ɗan akwati da fim ke naɗe a ciki. Duk hoton da aka ɗauka sai an murɗa fim ya matsa, in ba haka ba na biyu ya hau kan na farko. Ita kyamarar ba ta tuna wa kowa. Badaru yakan ce wannan kunya ce irin ta mutanen da.

Wata ranar kasuwa da safe Muhammad Auwal, mai neman kansila, ya zo da babbar riga ta aro, yana son hoto irin na dattawa ko jama'a sa ɗauke shi mutumin kirki. Ana gama ɗauka ya shiga zayyana titin da zai shimfiɗa har Balan. Kafin titin ya isa, Badaru ya manta da murɗa fim.

Da hantsi sai ga Bappa, wani tsohon makiyayi daga Toranke, yana janye da farin bijimi. Gonaki sun cinye wuraren kiwo, ya sayar da shi, motar kudu tana jira.

"Malam, ɗaukar mini shi. A hannuna aka haife shi."

"Jikokinka ba su da waya ne?"

"Sun ɗauka. Wayar tana cikin rijiya. Wanda zan rataye nake so."

Badaru ya ji daɗi ƙwarai. Ya shiga ƙyallensa, ya gwada nan, ya gwada can, ya latsa, ya ce wa Bappa ya kwantar da hankalinsa, aikin masana ne.

Sai da aka kai fim ɗin Kano aka wanke, kafin ya dawo kuwa mutanen kudu sun daɗe da suɗe ƙasusuwan bijimin. Badaru ya buɗe ambulan, ya ga ikon Allah: ga ɗan takara zaune da babbar riga, ƙaho biyu sun fito ta gefen hularsa, tozo ya leƙo ta kafaɗa. Ya kwana biyu yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Ya gwada ɗora wa mai wankin na Kano, abin bai zauna ba.

Da Bappa ya zo, Badaru ya miƙa masa hoton yana kallon ƙasa. Tsohon ya daɗe yana dubawa, ya nisanta shi da ido, ya matso da shi.

"Wane ne wannan a cikin bijimina?"

"Mai neman kansila ne."

"To su har nan suka biyo shi?"

"Bappa, kuskure ne. In ka ce a yaga, a yaga."

Bappa ya ɗora yatsa a kan ƙahon hagu, inda ya ɗan karkace.

"Nan ya bugi tsamiya yana ɗan maraƙi. Idon ma nasa ne, wannan bai isa ya yi irinsa ba." Ya ɗago kai. "Akwai wani hoton?"

"Babu."

Bappa ya naɗe shi a gefen rawaninsa a hankali, don kada ya lanƙwashe.

"Zan rataye. In yara sun tambaya na ce musu riga aka sa masa don tafiyar nisa ce."